Makaman Rasha ba kyauta ba ne, a faɗa mana farashinsu

'Yan uwa Hausawan Gadarif da Kasala da Mai Wurno, ku ba ni aron kunnuwanku. Kusan kullum sai na ji wani a majalisa yana cewa Putin masoyin Sudan ne, tunda yana ba sojojinmu makamai lokacin da Turawan Yamma suka juya mana baya. Maganar nan tana ci mini rai, don ruwa ba ya tsami banza.

A watan Nuwamba na 2017 Umar al-Bashir, shugaban Sudan na lokacin, ya je birnin Sochi na Rasha, ya roƙi Putin a gaban 'yan jarida ya kare shi daga Amurka. Daga nan maganar sansanin sojan ruwa a Bahar Maliya ta taso. A ƙarshen 2020 Rasha ta fito da takardar yarjejeniyar: shekara 25, mutanenta har 300, jiragen ruwan yaƙi huɗu a lokaci guda, har da masu aiki da nukiliya, a Bur Sudan. Ku duba taswira. Duk jirgin da zai ratsa Suwes zuwa Babul Mandab sai ya wuce ta gabanmu, kuma Rasha ba ta da sansani ko ɗaya a wannan teku. Abin da take nema ke nan. Janar Yasir al-Atta na sojan Sudan ma bai ɓoye ba, a 2024 ya ce Rasha ta nemi wurin shan mai a gaɓar tekun, ita kuma za ta ba da makamai da harsasai.

Sai zinariya. Kamfanin Meroe Gold, mai alaƙa da Wagner, sojojin hayar Rasha, ya yi shekaru yana harkar zinariyar ƙasar nan, har Amurka ta sa masa takunkumi a 2020. Yaranmu da ke shiga rami suna wanke ƙasa da zaiba, me ya shigo hannunsu?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan. Ranar da Rasha ta afka wa Yukuren, a Fabrairun 2022, Hamidti, shugaban dakarun RSF, yana Mosko ana karɓarsa da girmamawa. Shekara ɗaya da kusan wata biyu bayan haka, ranar 15 ga Afrilu 2023, dakarunsa da soja suka fara yaƙin da ya watsa mu. Mutanen Sinja da suka gudu da ƙafa a 2024 sun san ko su wane ne suka kore su. Wanda ya shimfiɗa wa Hamidti tabarma jiya, yau yake miƙa wa soja harsashi, a gaya mini wanne ne masoyinsa? Da aka kawo ƙudurin tsagaita wuta a Kwamitin Sulhu a Nuwamban 2024, ƙasashe 14 suka amince, Rasha kaɗai ta hau kujerar na-ƙi.

Na san soja na bukatar makami, kuma mai yaƙi ba ya zaɓen kasuwa. Ban ce a dogara da Amurka ba, ita ma lissafinta take yi. Amma gaɓar teku ta jikokinmu ce, kuma yau ba mu da zaɓaɓɓiyar majalisa da za ta karanta takardar ta ce e ko a'a. A sayi makami da kuɗi idan dole ne, a rubuta bashin a fili kowa ya gani. Batun ba da tashar ruwa na shekara 25 kuwa a jira sai yaƙi ya lafa, a tambayi mutanen Bur Sudan da sauran 'yan ƙasa tukuna.