Rasuwar Baba Jowal a Unguwarmu

A gidajen wasan PlayStation na Maradi ƙwallo ake bugawa. Daga unguwar Zariya har Ali Ɗan Sofo, duk inda ka ga labule da silifas ɗin yara zube a ƙofa, in ka leƙa Real ce da Barsa, ana ta zagin alƙalin wasan da ko rai ba shi da shi. Ni kaɗai Allah ya jarabta da son wasan labari, irin wanda za ka wuni riƙe da manet, wato abin dannawar wasan, kana lallaɓawa cikin kango, kana tsintar tsumma da karyayyen almakashi. Ƴan fadarmu cewa suke wannan ba wasa ba ne, yawon bola ne.

Wasan da ya kama ni shi ne The Last of Us, wanda kamfanin Naughty Dog na Amurka ya fitar a 2013, na biyunsa kuma a 2020. Na buga su duka a wata tsohuwar PS4 ta gwanjo, wadda in ta ɗauki zafi har maƙwabta ke jin kukan fankarta. Labarin wata funfuna ce mai suna Cordyceps. Akwai ta da gaske, tururuwa take kamawa ta juya mata hankali. A wasan sai ta koma kan mutane, duniya ta watse. Wani mutum, Joel, ya rasa ɗiyarsa a daren farko. Bayan shekara 20 aka damƙa masa wata yarinya ƴar shekara 14, Ellie, wadda cutar ba ta kamawa, aka ce ya fitar da ita daga Boston ya kai ta wurin wasu ƴan tawaye da ke neman magani. Na sha ba su labarin nan a bakin shayi, ba wanda ya taɓa bari na kai tsakiya.

Sai ga shi a Janairun 2023 tashar HBO ta mai da wasan fim mai dogon zango. Na samo shi wajen masu turi a kile (USB), wanda aka juya da Faransanci, na kinkimo tele na kafa a fada. Tun kafin kashi na farko ya ƙare, mutanen da ke ce mini ɗan bola sun yi tsit, shayi ya ƙone a kan gawayi ba wanda ya kula. Nan take Shugaban fada ya naɗa ni tafinta, tunda rabinmu Faransancinsu bai wuce na gaisuwa da jandarma ba. Nan take kuma Joel ya zama Baba Jowal, Ellie ta zama ɗiyar Baba.

To, wanda ya buga wasa kafin ya ga fim, bakinsa ba ya zama wuri ɗaya. A wasan, funfunar tana tashi cikin iska, dole ka sa takunkumin gas kafin ka shiga wasu ɗakuna. A zangon farko na fim sun cire wannan, sun sa wasu jijiyoyi masu fitowa daga bakin mai cuta. A wasan annoba ta ɓarke a 2013, a fim sun mai da ita 2003. Bella Ramsey da ta fito a Ellie ba ta yi kama da ta wasan ba, kuma masu wasa na duniya sun yi ta kumfar baki a kan haka a intanet, ko da yake ni a ganina yarinyar ta iya aikinta, har ta fi masu surutun. Duk wannan ilimi yana cikina yana tafasa. Da an yi minti biyar sai in tsayar da fassara in ce, "Amma fa a wasan ba haka ba ne."

A dare na biyu Shugaba ya ɗauki rimot ya tsayar da fim.

"Malam tafinta, mu wanga muka sani. Daga yau duk sadda ka ce 'a wasan', dala ashirin, a saka cikin kuɗɗin sukari."

Kowa ya ce ya yi. Har ƙanena, wanda da manet ɗina ya koyi wasa, ya ɗaga hannu. Har zangon ya ƙare fada ba ta sake karo-karon sukari ba.

Ba ni kaɗai fim ɗin ya ja wa asara ba. A kashi na biyu an nuna cutar ta fara ne daga wata masana'antar fulawa a Jakarta ta Indonesiya, daga baya kuma Baba Jowal ya yi wa yarinya bayanin cewa ta cikin abincin fulawa ta bi duniya. Mai shayin da ke gefenmu, wanda kullum muke cinye masa burodi da ƙwai bayan kallo, ya ga mun tashi ɗaya bayan ɗaya muna cewa mun ƙoshi. Da ya ji dalili, ya nuna ni da cokali ya ce in burodinsa ya kwana, ni zan saye shi da safe, da funfunar da komai.

Wurin raƙuman dawa kuwa, nan na so in ga hawaye. A wasan, bayan duk wahalar da ka sha, kwatsam sai ka ga raƙuman dawa suna kiwo a tsakiyar kangon birnin Salt Lake City, yarinya tana dariya. Turawa da yawa sun ce a nan suka yi kuka. A fim ma an yi shi, da raƙumin dawa na gaske. Na rage murya, na shirya. Sai wani direban da ke zuwa Dakoro ya ce, "To mi? Ga su can Gadabeji. Guda takwas aka kawo daga Kure a 2018. Da ya kawo ta nan, da ba a kashe kowa ba." Aka fashe da dariya, aka wuce wurin ba wanda ya ji komai sai ni.

Kashi na tara, na ƙarshe, shi ya raba fada biyu. Likitocin ƴan tawaye sun ce maganin yana cikin ƙwaƙwalwar yarinya, sai an kashe ta za a samu. Baba Jowal ya ɗauki bindiga ya share asibitin, ya harbe likitan fiɗa, ya fito da ita a hannu, da ta farka ya yi mata ƙarya har da rantsuwa. Masu aure duka suka ce namiji ke nan, ko su haka za su yi. Gwagware suka ce ya sayar da duniya don yarinyar da ba shi ya haifa ba. Wani ɗalibin aikin jinya ya ce duk ku yi shiru, likitan da zai yanka marar lafiya guda ɗaya tilo da yake da ita tun ranar da aka kawo ta, ba a gwada komai ba, ya cancanci ko mari ne. Ni kuwa na ajiye dala ashirin ɗina a tire tun kafin in buɗe baki, na ce ku kallo kuka yi. A wasan ni ne na shiga ɗakin fiɗar. Likita na tsaye da wuƙarsa, wasan ba ya ba ka wata ƙofa, in ba ka danna ba, ba a wucewa. Na daɗe ina kewaya ɗakin ina neman hanya, a ƙarshe da babban yatsana na yi. Wanda ya kalla yana iya cewa Jowal ya yi laifi ya je ya kwanta, wanda ya buga kuwa da shi aka yi. Shugaba ya ce maganar ta yi ma'ana, amma na faɗi "a wasan" sau biyu, in cika.

Zango na biyu ya zo a Afrilun 2025, bayan ƙaramar salla, lokacin da zafin Maradi ke sa mutum ya yi faɗa da inuwarsa. Yanzu fada ta cika, har da waɗanda ba mu sani ba, kowa ya zo ganin Baba Jowal. Ni kuma tun 2020 na san abin da ke jiransa. Na san wata yarinya mai suna Abby, ɗiyar likitan nan da aka harbe, tana nemansa. Na san yadda masu wasa suka haukace a lokacin, har wasu marasa kunya suka riƙa aika wa Laura Bailey, matar da ta yi muryar Abby, barazanar kisa, kamar ita ta rubuta labarin. Ga doka ta hana ni magana. Sai na kama bakina.

Daren kashi na biyu wuta ta ɗauke, aka jona tele da batir. Ga mu muna zufa, ga dusar ƙanƙara a garin Jackson, inda Baba Jowal da yarinyar suka zauna. Baba Jowal ya ceci Abby daga hannun masu cuta, fada ta yi tafi. Direban Dakoro ya ce, "Wagga ma ɗiya zai mai da ta." Aka miƙo mini shayi na ce na ƙoshi. Shugaba ya dube ni ya ce, "Lahiya, tafinta? Muryarka na rawa." Na ce mura ce. A wannan zafin.

Abin da ya biyo baya, wanda ya gani ya sani. Ta harbe shi a ƙafa, ta ɗauki sandar buga golf, Ellie na danne a ƙasa tana roƙo. Na daina fassara, ba a ma buƙata. Da aka gama, ba wanda ya motsa. Can wani ya ce, "Ba mutuwa ya yi ba, jarumi ne, kashi na gaba zai tashi." Duk suka juyo gare ni.

Na ce, "In na amsa, nawa ne?"

Sai fada ta kife a kaina. Ashe na sani! Shekara biyu ina shan shayi da su ina kallon idonsu! Wane irin aboki ne zai ga rami ya bar mutane su faɗa? Na ce ku kuka sa doka. Shugaba ya ce doka ta hana surutu ne, ba ta hana jin ƙai ba, ko da ido ai sai in yi musu alama. Mai shayi, wanda tun maganar burodi yake jira na, ya ce shi dama bai taɓa yarda da ni ba.

Da a nan ta tsaya, da sauƙi. Ƙanin Shugaba, yaro mai saurin kuka, ya koma gefe ya yi vokal yana shessheƙa: "Jama'a an kashe Baba Jowal. Wata yarinya ta kashe shi da sanda, bayan ya taimake ta. Wallahi duniya ba gaskiya." Zai tura gurup ɗin fada, hawaye ya rufe masa ido, ya tura gurup ɗin unguwa, inda liman yake, da mai unguwa, da dukan iyayenmu mata.

A bakin titinmu kuwa akwai wani mai gyaran firij ɗan Togo, dattijo mai furfura, ya fi shekara ashirin a garin, Hausarsa ta fi tawa karin magana. Sunansa ya zo ɗaya da na mutumin fim. Ranar kuma ya rufe shago da wuri ya tafi wani ƙauye gyara, wayarsa ba caji.

Da asuba Gwaggo ta buga mini ƙofa, mayafi a karkace. "Kai ɗan nan, an ce gabanka aka yi! An ce kai ka san za a kashe shi tuntuni ka yi shiru!" Ashe wani ya tambaya a gurup cikin dare, wani ɗan fada mai jin haushina ya amsa da cewa a tambaye ni, ni na san komai tun 2020. Na fara bayani: Gwaggo, fim ne, wato asalinsa wasa ne. Ta ce, "Wasa? A kashe bawan Allah da sanda ka ce wasa?" Na ce a Amurka ne. Ta ce yaushe ya tafi Amurka, ita da ta gan shi shekaranjiya yana cin ƙosai?

Kafin hantsi an taru a ƙofar shagonsa. Mata na salati, ana tuna kirkinsa, wata ta ce bai taɓa gyara mata firij ya sake lalacewa ba, alhali da kunnena na sha jin tana tsine wa aikinsa. Mutum biyu suka zo ɗaukar firjinsu kafin a raba gado. Wani ya fito da takarda ya ce mamaci na riƙe da jikka goma tasa. Mai unguwa ya aiko a kira ni, na je da kile a aljihu da ƙanena a matsayin shaida, na tsuguna ina ba dattawa labarin funfuna da tururuwa da likitan fiɗa. Karo na farko ke nan da aka bar ni na kai ƙarshen labarin ba a katse ni ba, kuma ba wanda ya ci ni tara. Liman ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai abin da ya gane, yarinyar ma marainiya ce.

Ana cikin haka sai ga mamaci a bayan kabu-kabu, da jakar kayan aiki a cinya. Mata suka watse da gudu, wata ta bar takalmi. Shi kuwa ya sauka, ya biya ɗan kabu-kabu, ya tsaya yana kallon tabarmin da aka shimfiɗa masa. Da aka yi masa bayani bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya nemi mai takardar jikka goma, aka duba ba a gan shi ba. Sannan ya juyo gare ni.

"Kai ne mai fim ɗin?"

Na ce ni ne, maigida, amma ba ni na yi vokal ba.

"Wanda aka kashe, mutumin kirki ne?"

Na ce to, ana gardama a kai.

Da dare sai ga shi a fada da kujerarsa. Ya ce tunda an riga an yi masa zaman makoki, yana da haƙƙin ya ga yadda ya mutu, kuma daga farko yake so, tun kashi na ɗaya. Faransancinsa ya fi na kowa, don haka a take Shugaba ya sauke ni daga tafinta ya naɗa shi. An sanar za a yi zango na uku, kuma wanda ya buga wasan ya san labarin Abby ne zai biyo, tunda kusan rabin wasa na biyu da ita ake bugawa. Na faɗa musu haka don kada gobe a ce na ɓoye. Shugaba ya ce wannan tona labari ne, tararsa dala ɗari, kuma sabon tafinta ne zai riƙe asusu.