Matatar intanet: a kunna ta tun daga kamfani, a bar wa babba ikon kashewa

A watan Yulin 2013 firayim ministan Birtaniya na lokacin, David Cameron, ya matsa wa manyan kamfanonin intanet huɗu na ƙasar lamba, wato BT da Sky da TalkTalk da Virgin Media, cewa su riƙa tambayar kowane gida ko yana son a kunna masa matatar da ke tare shafukan batsa. Kyauta ce, ba a biyan ko sisi. Bayan shekara guda hukumar sadarwa ta Ofcom ta fitar da lissafi: cikin sabbin masu shiga, kashi 4 cikin ɗari ne suka kunna a Virgin, kashi 5 a BT, kashi 8 a Sky. TalkTalk, wanda ya fara tasa matatar tun 2011, shi ne ya kai kashi 36.

Ba kowane gida ne ke da yara ba, wannan gaskiya ne. Amma akwai abin da aka gano a Virgin da ya fi alƙaluman ilmantarwa: ma'aikatan da ke zuwa haɗa layi su ne ke tsallake shafin tambayar don su gama da wuri, mai gida bai ma san an tambaye shi ba. Da Sky ya juya tsarin a 2015, ya ce duk wanda bai ba da amsa ba za a kunna masa, in ba ya so ya shiga ya kashe, sai adadin masu matatar ya tashi sosai.

A ganina darasin ke nan gaba ɗaya. Kariyar da sai uba ya nemo ta da kansa, mafi yawan yara ba za su same ta ba. Ba don iyaye ba su damu ba, sai don wanda ya saita wayar ba shi ne uban ba. A kasuwannin wayarmu yaron shago ne ke buɗe wa mai saye asusun Gmail, ya cika ranar haihuwa da duk abin da ya zo bakinsa, ya miƙo waya. Layin da ke ciki kuwa da sunan babba aka yi masa rajista, da lambar NIN ɗinsa. Bayan shekara biyu wayar ta tsufa, ta faɗa hannun ɗan shekara goma sha ɗaya. A wajen Google da wajen kamfanin layi, mai riƙe da ita magidanci ne.

Kafin a zo kan abin da ya kamata kamfanoni su yi, akwai abin da uba ko uwa za su iya yi yau cikin minti biyar, kuma sai an fahimci yadda yake aiki za a san iyakarsa.

Duk lokacin da aka rubuta sunan shafi, waya ba ta san inda yake ba. Sai ta tambayi wata na'ura mai riƙe da kundin adireshi, wadda ake kira DNS, ita kuma ta ba ta lambar wurin. Matata mafi sauƙi ita ce a sauya wa wayar wanda take tambaya, a haɗa ta da mai kundin da in an tambaye shi gidan batsa zai ce bai san hanya ba. A wayoyin Android daga na 9 zuwa sama, a shiga saitin, a rubuta "Private DNS" a wurin bincike, domin Tecno da Infinix da itel da Samsung kowanne da inda ya ɓoye shi. A zaɓi inda ake rubuta suna da hannu, a sa family.cloudflare-dns.com, ko family-filter-dns.cleanbrowsing.org. Na biyun ya fi tsanani, don yana tilasta wa Google tace sakamakon bincike, yana kuma sa YouTube a yanayin taƙaitawa. A kula da rubutun harafi bayan harafi. Kuskuren ɗigo guda zai sa intanet ta ɗauke gaba ɗaya, mutum ya yi ta zargin kamfanin layi da cinye masa data. Amfanin wannan hanya shi ne tana bin wayar duk inda ta je, a kan data ko a kan wayifai.

Gidan da ke da na'urar rarraba wayifai, a duba takardar da ke manne a ƙasanta, akwai adireshin shiga, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. A wurin DNS a sa 1.1.1.3 da 1.0.0.3 na Cloudflare, ko 208.67.222.123 da 208.67.220.123 na OpenDNS. Dole a cika gurabe biyun da lambobin matata. In aka bar na biyu da lambar da ba ta tacewa, wani lokaci na'urar za ta tambayi wancan, abu ya wuce. Sannan a sauya kalmar sirrin shiga na'urar, domin "admin" ɗin da ta zo da shi kowane ɗan sakandare ya san shi.

Matsalar saitin Android ɗin nan ita ce ba shi da kwaɗo. Yaron da ya ga yadda aka sa, zai cire cikin daƙiƙa goma. Shi ya sa ake haɗa shi da Family Link, manhajar Google ta iyaye. A sauke ta a wayar uba, a buɗe wa yaro asusunsa da ainihin shekarunsa, a cire asusun babba daga wayar yaron, in da hali ma a goge wayar a fara daga farko. Daga nan a kunna abu uku: tace shafuka a Chrome, neman izinin uba kafin a sauke kowace manhaja, da hana girka manhajar da ba daga Play Store ta fito ba. Na ukun nan shi aka fi mantawa, alhali shi ne ƙofar baya. Masu iPhone suna da nasu a Screen Time, tun iOS 12 na 2018, kuma yana da lambar sirri mai lamba huɗu. Kada ta zama lambar buɗe waya, kada ta zama shekarar haihuwar kowa a gidan.

To ina ruwan ke zurarewa? Wurare da dama, kuma wanda ya sayar wa iyaye da matata bai faɗa musu wannan ba, ya cuce su.

Opera Mini, wadda mutanenmu ke ƙauna don tana rage cin data, a yanayin tsimi mai tsanani ba wayar ce ke zuwa shafin ba. Na'urorin kamfanin ne ke ɗauko shi, su matse, su miƙo. Mai kundin adireshi ba ya ganin sunan shafin ko kaɗan. Haka VPN take, wato manhajar da ke ɓoye shafin da waya ke zuwa, ta haƙa rami ta ƙarƙashin katanga. Birtaniya ta ga wannan da idonta: ranar 25 ga Yulin 2025 dokarta ta fara tilasta wa shafukan batsa tantance shekarun mai shiga, kafin mako ya zagayo manhajojin VPN sun hau saman jerin waɗanda aka fi saukewa a ƙasar.

Sai kuma dandamalin da suka haɗa mai kyau da maras kyau a rufi ɗaya. Matatar DNS sunan gida take gani, ba ta ganin ɗakin da aka shiga. X, wato tsohon Twitter, ya fito fili a 2024 ya ce ya halatta hotunan manya a dandalinsa. Ko dai a toshe shi gaba ɗaya ko a bar shi gaba ɗaya. Telegram ma haka. WhatsApp kuwa tun 2016 saƙonninsa a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, babu matatar da ke leƙa su. Nan ne rubutattun labaran batsa na Hausa ke yawo a zaurukan hira, babi bayan babi, kuma kundin shafukan da aka haramta, wanda wasu suka tattara a Turai da Amurka, bai ma san da su ba.

Abin da ya fi duka a wajenmu ba ya bi ta intanet sam. Xender ne, da bulutut, da katin memori da ake cikawa a shagon masu tura fina-finai, da wayar aboki a bayan aji. Duk matatar duniya ba ta taɓa wannan. Saboda haka a ɗauki matata a matsayinta: tana kare ƙaramin yaro da ya je neman katun ko sakamakon ƙwallo talla ta yi tsalle ta faɗo masa, tana kare yarinyar da ta rubuta kalma a Google don aikin gida. Waɗannan su ne mafi yawa, kuma haɗuwar farko sau da yawa ta haɗari ce. Saurayin da ya ƙudura sai ya gani, maganinsa magana da shi ce da sanin abokansa, da hana waya kwana a ɗakinsa.

Akwai kuma illar da masu goyon baya ba sa son ambatawa. Matata tana tare abin da bai kamata ba. A 1996 kamfanin AOL ya hana mutanen garin Scunthorpe na Ingila buɗe asusu saboda wasu haruffa huɗu a tsakiyar sunan garin sun yi daidai da kalmar ashar. A ƙarshen 2013 binciken BBC ya nuna matatun Birtaniya suna toshe shafukan ilimin lafiyar jima'i da na cibiyoyin taimakon matan da aka yi wa fyaɗe, yayin da wasu shafukan batsar ke wucewa. A wajenmu wanda zai faɗa wannan tarko ita ce budurwar da ke neman bayani kan haila ko ciwon sanyi, da ɗalibin da ke binciken hukuncin janaba da wanka, da mai neman sanin yoyon fitsari. Duk matatar da ba ta da hanyar kai ƙorafi a buɗe shafin da aka zalunta cikin kwana biyu ko uku, ba ta cika ba.

Abin da nake kira gare shi ga NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya, da kamfanoni irin su MTN da Airtel da Glo shi ne su sa matatar a kan layi, tunda layi ne ƙofarmu, ba wayifai na gida ba. Kamfanonin wayar hannu na Birtaniya tun 2004 suka amince da tsarin da layi ke zuwa a tace, babba ya nuna shaidar shekaru a buɗe masa. Mu ba za mu dogara da NIN ba, tunda ta babba ce a kan layin yaro. Abin da zai yi aiki shi ne saƙo ga kowane layi da Hausa da sauran harsuna: wa ke riƙe da wannan layi? Wanda bai amsa ba, a kunna masa. Mai son kashewa ya kashe da gajeriyar lamba irin ta duba kuɗi, ba tare da an tambaye shi dalili ba.

Zaɓin nan kada a taɓa shi. Ƙasar da ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ba ta buƙatar a tuna mata cewa na'urar da ke toshe batsa ita ce ke toshe jarida. Don haka rukunan da ake tacewa su zama a rubuce kowa ya gani, labarai da siyasa su kasance a waje, kuma kada a ajiye jerin sunayen waɗanda suka kashe tasu don wata hukuma ta nema gobe.

Wurin da tsarin zai tsaya ko ya faɗi shi ne lambar kashewa. In daga wayar yaron ake danna ta, an yi aikin banza. Sai a ba uba damar ɗaure layin ɗansa da nasa, ta yadda duk buƙatar cire matata sai saƙon tabbatarwa ya zo wayar uban, ya sa lambar sirrinsa. Kamfanonin sun riga sun iya haɗa layi da layi, da haka ake tura wa iyali data da katin waya kullum.