Yadda Turaren Wuta Ya Raba Ni da Kilishi

Tun ina yaro na san ƙaho abu ne da dabba ke mutuwa da shi. Rago ya tsiro nasa, ya nannaɗe, har ranar layya yana nan. Haka sa, haka bunsuru. Shi ya sa ranar da wani dattijon Bature ya ce mini barewar Amurka takan yar da ƙahonta duk shekara ta sake sabo, na yi masa irin murmushin da ake yi wa tsoho idan ya fara ruɗewa.

Aikin kwamfuta ne ya kai ni Madison a jihar Wiskonsin, kwamfuta ce kuma ta haɗa ni da dattijon. Tasa ta ƙi tashi, na tashe ta, shi ke nan na zama ɗan gida. Yana da gonar masara da waken suya a yammacin gari, da ɗan kurmi a bayanta. Da ya ga ban gamsu ba sai ya ja ni rumbunsa, ya zazzage mini bokiti guda na ƙahoni masu rassa kamar busasshen icce. Ya ce ba irin na ragonmu ba ne, ƙashi ne zalla, kuma namiji kaɗai ke yin sa. Yakan faɗi tsakanin Janairu da Maris, sabo ya fara tsirowa wajen Afrilu, lulluɓe da wata fata mai laushi kamar karammiski, cike da jijiyoyin jini masu ciyar da shi. Zuwa ƙarshen Agusta ya gama girma ya ƙeƙashe. Tsawon yini da gajartarsa ne ke ba jikin dabbar umarni.

A daren na buga wa Kawu waya a ƙauye. Kawu tsohon mafarauci ne, irin waɗanda ke fita da rani da gora da karnuka, a dawo da zomo da gada ana kirari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗan nan, dabbar da ke cire ƙaho kamar hula, ka tabbata dabba ce? Ka riƙa addu'a kafin ka shiga dajin nan."

A watan Mayun 2023 na sayi kyamarar daji a kan dala 80. Wani ɗan akwati ne da bai wuce girman burodin shayi ba, launin ɓawon itace, yana cin batir 8 da memori ɗaya. A jikin bishiya ake ɗaure shi. Duk abin da ke da ɗumin jiki ya gitta ta gabansa sai ya ɗauki hoto, da dare kuma ya haska da wani haske da idon mutum ba ya gani, hoton ya fito baƙi da fari. Maharban can da ita suke bin mazan barewa tun daga bazara, su ga wane ne ƙahonsa ke cika, wace hanya yake bi, ƙarfe nawa yake fitowa, kafin a buɗe farauta.

Dattijon ya ba ni shawara uku: in juya fuskarta arewa, in share ciyawar gabanta, kada kuma in yawaita zuwa. Ta kunnen dama suka shiga, ta hagu suka fice. Na juya ta gabas, don Bahaushe komai nasa mai muhimmanci gabas yake kallo. Ban tuna ba cewa a Wiskonsin ko alƙiblar ma arewa maso gabas take.

Bayan mako guda na ciro memori, hannuna har rawa yake. Hoto 2,314! Na kira yara, na kira uwargida, muka zauna gaban kwamfuta kamar za a kalli wasan ƙarshe. Hoton farko ciyawa ce. Na biyu ita ce dai ta karkata hagu. Na uku ta dawo dama. Ashe idan rana ta fito ta gasa ciyawa, iska kuma ta kaɗa ta, kyamara sai ta ɗauka wata halitta ce ke wucewa. Mun ga ciyawar nan a tsaye, mun gan ta a ruku'u. A can wajen ƙarshe aka sami hoto 11 na ƙofofin hancina, lokacin da nake leƙa ta in ga ko tana aiki, sai kuma wata dabba da suke kira rakun, mai fuska kamar ɓarawon da ya ɗaura baƙin ƙyalle a ido. Autana ya ce ta fi ni kyau a hoto.

Na gyara kyamara, sannan dabara ta zo mini. A gida dabba ba ta ƙin kanwa, me zai hana in zuba kanwa da gishiri a gindin bishiyar? Dattijon ya zaro ido. Ya ce tun 2002 aka gano wata cutar ƙwaƙwalwa da ke ramar da barewa har ta mutu, a kusa da Mount Horeb, nan bayan gonarsa kaɗan, kuma a yankin an haramta ajiye wa barewa abinci ko gishiri, don idan suka taru suna lasar wuri ɗaya cutar na yaɗuwa. Na mayar da kanwata kicin, inda take da daraja.

Sai a makon Babbar Sallah, ƙarshen Yuni, Allah ya kawo shi. Ƙarfe 7:42 na yamma, a bakin gonar wake, wani jibgegen namiji mai faɗin ƙirji, ƙahonsa lulluɓe da karammiski, kan rassan a dunƙule kamar yatsun da suka kumbura. Bayansa wasu samari uku na biye, shi ya tsaya su tsaya, shi ya ci su ci. Nan take na raɗa masa suna Ciyaman. Dattijon ya ce haka mazan ke yi da bazara, su haɗa majalisa babu mace ko ɗaya, sai lokacin barbara ya gabato zumunci ya watse. Na ce wannan ai ba sabon abu ba ne a wurinmu.

Daga nan na shiga wani hali. Duk wanda ya taɓa kiwon ragon layya a gida ya san ciwon: ka fita ka dube shi, ka dawo, ka sake fita. To ni nawa ragon ba ni na saya ba, ba ni ke ba shi dusa ba, bai ma san da ni ba, amma na riga na raba shi kashi-kashi. A watan Yuli ƙahon yana ƙara fiye da inci guda a mako, kana gani da idonka. Ina ɗora rula a fuskar kwamfuta ina aunawa. Rassa shida suka zama takwas, takwas suka zama goma, biyar a kowane ɓangare, su kuwa maharban can da yawan rassan nan ake yi wa mutum kirari. Zauren WhatsApp na danginmu ya koma gidan jarida. Na yi wa Yaya alkawarin kilishi, surukata dambun nama, Kawu kuma fata da ƙaho. Wani ƙanena har ya fara kirana Sarkin Dawa, na yi kamar ban ji daɗi ba.

Uwargida ta ɗauki wayata wata rana ta ƙirga. "Baban yara, hoton dabbar nan a wayarka ya ninka na 'ya'yanka sau huɗu. Ka ƙara masa suna a takardar haraji mana." A daren ne kuma ta ciro mini kaska a bayan gwiwa da hantsaki, tana yi tana karanta mini alamomin cutar Layim, wadda cizon kaska ke kawowa, daga wayarta, ɗaya bayan ɗaya, cikin muryar mai karanta sanarwar rasuwa.

Ga inda na kashe kaina. Ranar Juma'a da wuri nake tashi daga aiki, saboda haka daga masallaci sai gona. Da shaddata, da hulata, da turarena. Uwargida kuwa 'yar Maiduguri ce. Wanda ya san matan Barno ya san abin da nake nufi: a gidanmu ko tsumman goge ƙasa bai tsira daga turaren wuta ba. Haka nake kutsawa cikin kurmin nan ina ƙamshi kamar ɗakin amarya, in rungumi bishiya, in shafa kyamara, in tafi. Sannu a hankali hotunan Ciyaman suka tashi daga yamma suka koma ƙarfe biyun dare. Akwai ɗaya da har yanzu nake ajiye da shi: ya kafa hanci a igiyar kyamara, ido ɗaya a kan gilashi, kunnuwa a miƙe. Kifi na ganinka mai jar koma. Ni kuwa na tura wa dangi na rubuta, "Ya fara sabawa da ni."

Farkon Satumba na buɗe hoto na ga tashin hankali. Ƙahon Ciyaman jina-jina, fata na reto a fuskarsa kamar tsumma. Na ce shi ke nan, cutar nan ta kama shi, ko kuwa maganar Kawu ce ta tabbata. Ƙarfe 11 na dare na tashi dattijo daga barci. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi dariyar da ta koma tari. Ya ce jinin da ke ciyar da ƙahon ne ya yanke, fatar ta mutu, shi ne yake gurje ta a jikin ƙananan itatuwa. Kwana ɗaya ko biyu an gama, wani lokaci har cinye ta yake yi. Ya ce in je in kwanta.

Bayan kwana huɗu Ciyaman ya fito da ƙaho tas, a goge, kamar an yi masa wankin Sallah. Wannan ne hotonsa na ƙarshe. Majalisa ta watse, ganyen wake ya yi rawaya, 'ya'yan itacen ok suka fara zuba a can cikin kurmi, kowa ya kama gabansa. Dattijon ya ce kada in damu, barbara a Nuwamba take, lokacin namiji ba ya cikin hayyacinsa, zai dawo.

Kafin nan na yi karatun neman lasisi, don a jihar duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1973 sai ya yi kwas na kiyaye haɗarin farauta. Na zauna aji ɗaya da 'yan shekara 12. Wata yarinya mai kitso biyu ce ta gyara mini riƙon bindiga.

Farautar bindiga a Wiskonsin kwana tara ce, ana buɗe ta ranar Asabar ɗin da ke gaban bikin godiyarsu, a shekarar ta faɗo 18 ga Nuwamba. Doka ce kowa ya sa riga ruwan lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli, hula ma haka idan zai sa, don kada wani ya ɗauke ka barewa. Ita barewar ba ta bambance wannan launi sosai, hancinta ne makaminta. Saboda haka dattijon ya ara mini rigarsa, wadda ya wanke da sabulu marar ƙamshi, ya kulle a leda da busasshen ganye da rassan itace tun wata guda. Ya miƙo mini ita kamar amana. Na kai gida na ajiye a falo, na tafi sallar isha'i.

Da na dawo na tarar da hayaƙi na tashi a hankali daga ƙarƙashin kwando. Rigar ce a baje a kai, kasko a ƙasa.

"Hajiya, me kika yi?"

"Me na yi kuwa? Rigar nan warin turken awaki take. Haka za ka shiga cikin mutane a ce ba ka da mata? Na wanke ta, na turara, na ɗan shafa humra a wuya. Kaɗan fa."

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na shiga a-kori-kurar dattijon. Bai ce komai ba. Ya ja hanci sau ɗaya, ya ja sau biyu, sannan ya sauke gilashin mota, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. Mun yi tafiyar minti ashirin iska na yankan kunnena kafin ya yi magana. Ya ce shekara 50 yana farauta, bai taɓa jin abu mai daɗin ƙamshi irin wannan ba, kuma don Allah in zauna a can ƙarshen gona, inda iska ke fita zuwa gonar maƙwabcinsa, don dama ba sa shiri.

Na hau tsani na zauna a ɗan dakalin da aka kafa a jikin bishiya. Yatsun ƙafata suka fara yi mini sallama ɗaya bayan ɗaya. Gari ya soma wayewa, sai na ji motsin ganye, kas, kas, kas. Na yi bisimilla a zuci, na ɗaga bindiga. Motsin ya tsaya. Sai na ji "Fuuu!", wani huci mai ƙarfi kamar an buɗe tayar mota, aka buga ƙafa a ƙasa, sai farar wutsiya a miƙe kamar tuta tana tsalle tana nisa. Ban ga kai ba, balle ƙaho. Kwana uku na yi a kan bishiyar nan, na ƙirga wutsiya bakwai. Kurege ɗaya ne ya matso kusa da ni, shi ma atishawa ya yi ya koma.

Na tura wa Yaya kuɗi ya sayi kilishi a Kano ya rarraba, da sharaɗin kada kowa ya tambayi na wace dabba ne. Ƙanena ya daina ce mini Sarkin Dawa, ya koma Sarkin Ƙamshi.

A watan Maris, da ƙanƙara ta fara narkewa, na je kwance kyamarata. Batir ya mutu tun Disamba. Ina zagayawa bayan bishiyar, taku uku daga gindinta, daidai inda kyamara ba ta gani, sai ga ƙaho kwance a cikin ganye. Ɓangaren hagu, rassa biyar, ɓeraye har sun fara gaigayar tsininsa. Na san shi kamar yadda na san tafin hannuna, ai na auna shi da rula ya fi sau hamsin. Na kai wa dattijon ya gani, ya jinjina, sannan ya ce matarsa ta ƙwace rigar nan tana sawa zuwa kasuwa, kuma ta ce a tambayar mata inda ake sayar da turaren.

Kawu ya ce in ajiye masa ƙahon sai na zo, amma kada in kwana ɗaki ɗaya da shi. Na shigo da shi gida ina murna zan ɗora a kan talabijin. Uwargida ta tare ni a bakin ƙofa, ta karɓa da yatsu biyu, ta shinshina, ta ce wa babbar 'yarmu, "Je ki hura mini gawayi."