Ba disk ɗin ne da laifi ba, mai ɗaura shi ne

Jama'a yau dai sai na yi magana don na daɗe ina haɗiyewa. Ban kama sunan kowa ba kuma ba zan kama ba, amma akwai wani bawan Allah a layin nan da ya mayar da birkin motocin mutane gonarsa, duk bayan wata uku sai ya girba, kuma shi ne dai yake zama a teburin mai shayi yana cewa wai ni ɓata wa mutane lokaci nake da ɗan agogon awona na duba karkatar disk ɗin birki, wai aikin birki na minti talatin ne ni nake mayar da shi na wuni guda don in ci kuɗi. To saƙo ya iso. Wanda ka faɗa a gabansa ma motarsa a gurina ta kwana.

Makon jiya wani dattijo ya shigo min da Camry 2008, ransa a ɓace, ya ce min Malam ni na gaji, da na haura tamanin na taɓa birki sai sitiyari ya kama rawa a hannuna kamar mai jin sanyi, fedal ma yana bugun ƙafata. Na ce Alhaji an taɓa yi mata aiki? Ya ce sau uku cikin shekara ɗaya, kuma duk a guri ɗaya. Na farko aka ce disk, wato farantin ƙarfen da birki ke matsewa, ya lanƙwashe aka kai inji aka kankare, na biyu aka sake kankarewa, na uku aka ce ai disk ɗin kamfani ne ba shi da ƙwari aka sayar masa da mai huji-huji irin na motar tsere da kuɗi mai kauri, yanzu ko wata uku ba a yi ba rawar ta dawo. Wallahi sai da tausayin mutumin nan ya kama ni, a motar nan yake kai jikokinsa makaranta.

Tun daga kwance taya na gane hannun da ya yi aikin. Noti biyar ne, uku sai da yarana biyu suka sa dogon bututu a sifana suka hau kai kafin su motsa, biyu kuma da ƙyar suke riƙe. Toyota cewa ta yi a ɗaure notin tayar motar nan a kan 103 Nm (awon ƙarfin ɗauri ke nan), a bi su tsallake-tsallake kamar zanen tauraro don disk ya zauna daidai, ba a hau kan bututu da ƙafa ana tsalle har sai noti ya yi ƙara ba. Da na zare disk ɗin kuwa, fuskar hob, wato ƙarfen tsakiyar taya da disk yake zama a kai, tsatsa ce ta yi ɓawo kamar ƙanzon tukunya, kana kankara da sukudireba tana zubowa ja-ja-jur. A kan wannan ƙanzon aka ɗora sabon disk na dubban nairori. Haba dan Allah. Ko faranti ka ɗora a kan tsakuwa ai ba zai zauna ba.

Sannan kalifa, wato abin da ke matse fad, takalmin birki ke nan, a jikin disk. Fin guda biyu ne take zamewa a kansu, ɗaya ya bushe ƙamas robarsa ta yage, sai da guduma ya fito. Shi ya sa fad na ciki ya cinye saura kaɗan ƙarfe ya fito, na waje kuma kamar jiya aka sa shi. Mutum ya buɗe birkin nan sau uku bai taɓa zare fin ya duba ba, man shafa musu na musamman ma da bai kai kuɗin shayinsa na sati ba bai saya ba.

Bari in yi wa masu mota bayani don ku ne abin yake ci. Yawancin abin da ake ce muku disk ya lanƙwashe ba lanƙwasa ba ce. Idan disk ya zauna a karkace ko da kaɗan ne, duk juyi ɗaya sai wani ɓangarensa ya goga jikin fad ko ba ka taka birki ba, a hankali wajen ya ci ko kuma garin fad ya manne masa, sai kaurin disk ya zama ba ɗaya ba, wani waje kauri wani waje siriri, bambancin da ido ba ya gani amma ƙafa tana ji. Kuma ba ya nunawa ranar da aka yi aiki, sai an yi 'yan dubban kilomita, shi ya sa kake fita daga gareji kana sa albarka bayan wata biyu ka dawo a ce maka ai tuƙinka ne. Karkatar da littafin motar nan ya yarda da ita 0.05 na milimita ce, siririn gashin kai ma ya fi haka. Ka faɗa min ta yaya za a auna wannan da ido? Agogon da ake min dariya a kansa shi na ɗaura, allura ta nuna 0.14. Na wanke hob da buroshin waya da sanfefa har ƙarfe ya fito fari, na girgiza na tabbatar boris ba shi da wasa, na sa disk na ɗaure da awo, ta sauko 0.03. Alhaji yana tsaye a kaina yana gani da idonsa.

Abin da ya fi ɓata min rai tsoffin disk ɗin da aka kankare sau biyu, suna cikin but. A jikin kowane disk akwai rubutu, MIN TH, wato iyakar sirantar da zai yi a daina amfani da shi. Na gaban motar nan sabo milimita 28 ne, iyakarsa 25. Na auna na Alhaji sun faɗo ƙasa da haka, kuma a haka ya yi watanni yana bin hanyar Zariya da su. Disk in ya sirance ba ya iya ɗaukar zafi, nan da nan yake ƙuna, in abin ya zo da ƙarar kwana ya tsage. Wannan ba maganar kishin sana'a ba ce, rai ne a ciki.

Sai maganar ƙarin ƙarfin birki da ake yaudarar mutane da ita. Kowa yanzu so yake a leƙa ta cikin rim a ga disk mai huji da kalifa ja. Jan fenti ba ya tsayar da mota. Disk mai huji na arha daga bakin hujin yake fara tsagewa in ya sha zafi, mai tsaga-tsaga kuma yana cin fad da sauri, a motar zuwa ofis da kasuwa babu abin da za su ƙara maka. Brembo da Akebono da Bosch da ATE kamfanoni ne na gaske masu kaya na gaske, amma ba duk kwalin da aka buga wa sunansu ne nasu ba, in ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka akwai na ƙwarai akwai jabu, dole ka san hannun da kake saya, farashi in ya yi araha da yawa ka tsaya ka yi tunani. Ni abin da nake sa wa mutum shi ne disk lafiyayye marar huji na kamfanin kirki, da fad da ya dace da aikin motarsa. Mai yawon cikin gari siramik ya ishe shi, ba ƙara ba baƙar ƙura a rim. Mai lodi ko mai doguwar hanya da gangare ya sa mai haɗin ƙarfe don ya fi jure zafi, sai dai ya haƙura da ɗan ƙara da ƙura.

Man birki kuma babu mai tunawa da shi. Yana shan danshi, nau'in da ake kira DOT 3 in sabo ne sai ya kai digiri 205 yake tafasa, in ya sha ruwa ya dawo 140, DOT 4 kuma daga 230 ya dawo 155. Ka sauko Hawan Kibo da tsohon mai ƙafarka a kan birki tun daga sama, fedal zai nutse maka har ƙasa. A canza shi duk shekara biyu, a gangare kuma a rage giya inji ya taya riƙewa. Kar a kuskura a haɗa DOT 5 da waɗannan, shi ba jinsinsu ɗaya ba. Taya ma in ta suɗe duk tsadar birkinka zamewa za ka yi.

Da na gama na ɗauki Alhaji muka fita baifas inda ba cunkoso, daga sittin in rage zuwa kamar goma ba tare da na tsaya cak ba, sau takwas ko goma, sannan muka yi tafiyar 'yan mintuna ba taka birki ya huce, don fad ya shimfiɗa garinsa daidai a fuskar disk. Na ce masa ranka ya daɗe in ka yi birki mai ƙarfi ka tsaya kar ka danne fedal ka zauna a kai disk na zafi, shatin fad ne zai fito a jiki, kuma kar ka dawo daga tafiya ka miƙa wa masu wanki su watsa wa taya ruwa nan take. Ya ce min wallahi shekara guda yana zarya babu wanda ya taɓa faɗa masa ko ɗaya.

Wanda ya tsargu dai da shi nake. Fin ɗin da ya ƙafe da fad ɗin da ya cinye gefe ɗaya na sa su a leda, Alhaji ya ce da kansa zai kawo maka. Agogon kuma yana nan a akwatina, ranar da ka shirya ka zo da yamma bayan an tashi babu wanda zai gani, zan nuna maka yadda ake ɗaura shi, wallahi da gaske nake, don motoci biyu da suka fito daga hannunka suna layi a gurina gobe da safe.