Kan rediyo mai hankali da masu yi mata ƙarya

Jama'a ina son mu yi magana kan wani abu da na daɗe ina bibiya. Duk wanda ya san halin da aka shiga a 2021 lokacin da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan ta Sakkwato, ya san rashin netwok ba wasa ba ne, har yau akwai ƙauyuka wajen Tangaza da Gudu da sai ka hau tudu ka samu sanda ɗaya.

To akwai wata fasaha da ake kira kognitib rediyo, wato rediyo mai hankali, wani injiniya Joseph Mitola ne ya fito da tunanin a 1999. Na'urar tana sauraren iska, in ta ji tashar talabijin da ke da lasisi ba ta amfani da layinta sai ta shiga ta aika intanet, mai layi na dawowa ta ba shi wuri. Kamar ka zauna rumfar wani a kasuwar Illela kafin ya iso. Tsarin IEEE 802.22 na 2011, wato ƙa'idar aikin irin wanga rediyo a layin talabijin, don karkara aka yi shi.

Abin da ke damuna shi ne mugun mutum. Zai iya sa na'urarshi ta kwaikwayi siginar mai lasisi, kowa ya tattara ya gudu, shi kuma ya cinye layin shi kaɗai. Ana iya kama wanga in an auna daga ina siginar ke fitowa, don an san inda eriyar tasha take, ba ta yawo.

Amma na biyun ya fi ban tsoro wallahi. Na'urorin ba su yarda da kunnen guda ɗaya, kowace tana aika abin da ta ji zuwa cibiya a haɗa a yanke hukunci, to sai wasu su dinga aika rahoton ƙarya, su ce layi a cike yake alhali babu kowa, ko su ce babu kowa a je a tsoma wa tasha hayaniya. Mu Sakkwatawa ai mun san wanga al'amari, ba kowa ne zai je fadar Sarkin Musulmi ya ce ya ga jinjirin wata a sanar ba, sai an tantance shi. Haka masana suka ce a yi, kowace na'ura a riƙe tarihinta, wadda maganarta ta saba saɓa wa ta jama'a a rage mata nauyi har a daina jin ta.

Ni dai inda nake tsoro a nan ne, na'urar talaka da ke bayan dutse tana iya kuskure ba da mugunta ba, kada a kore ta tare da maƙaryata. Shi ya sa nake roƙon hukumar sadarwa NCC da hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin NBC da malamanmu na Jami'ar Danfodiyo, in za a kawo abin nan ƙauyukanmu a gwada shi nan ƙasarmu tukuna, da ƙurarmu da zafinmu.