Los Alamos: Kuɗin ƙera bam na gudu, na kwashe shararsa na tafiyar hawainiya

A daren 14 ga Fabrairun 2014 wata ganga ta tsage a cikin ramin gishirin da Amurka ke binne sharar makaman nukiliya, kusa da garin Carlsbad a jihar New Mexico, a zurfin da ya kai kimanin mita 650. Daga Los Alamos aka kawo gangar, wato cibiyar binciken da aka kafa a wannan jiha a 1943 don ƙera bam ɗin nukiliya na farko. Da masu bincike suka bi diddigi, abin da suka gano ya ba kowa mamaki. Ma'aikata kan zuba irin ƙasar nan da ake shimfiɗa wa kyanwar gida don ta tsotse danshin sharar. Ta yumɓu ya kamata a zuba, sai aka zuba wadda aka sarrafa da alkama. Alkamar ta haɗu da sinadaran da ke ciki, ganga ta ɗau zafi, murfi ya ɓalle. Ma'aikata sama da 20 gubar ta taɓa, ko da yake kaɗan ce. Ramin bai koma aiki ba sai Janairun 2017, gyaransa kuma ya lashe ɗaruruwan miliyoyin daloli.

Mutane sun fi riƙe batun ƙasar kyanwar, amma ni abin da ya gabace ta ya fi damuna. A 2011 wutar daji ta Las Conchas ta matso kusa da filin da aka jibge dubban gangunan shara a ƙarƙashin tantuna a Los Alamos. Hankali ya tashi, aka ɗauki alkawarin kwashe shara mai yawan kubik mita 3,706 kafin ƙarshen Yunin 2014. Aikin da aka yi shekaru ana ja wa ƙafa, sai ga shi ana son gama shi a guje, saurin kuma ya haifi nawa.

Ra'ayina shi ne kuɗin gyaran gine-gine da tsabtace muhalli a irin wannan cibiya wani ɓangare ne na farashin makamin kansa, kuma bai dace a mayar da shi sadakar da ake bayarwa idan an samu rara ba. Kasafin Los Alamos na shekara ya haura dala biliyan 4, mafi yawansa na harkar makamai. Abin da ake ware wa kwashe tsohuwar shara kusan dala miliyan 300 ne, bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Asusun ma daban-daban ne: hukumar NNSA mai kula da makaman nukiliyar Amurka ke riƙe da na makamai, wani ofishi na ma'aikatar makamashi ke riƙe da na shara. Wanda ya ɓata wuri ba shi ke biyan kuɗin wanki daga aljihunsa ba, don haka ba ya jin zafin abin.

A dubi batun ruwa. Daga 1956 zuwa 1972 ma'aikatan tashar wutar cibiyar suna zuba wani sinadari mai kuromiyam a hasumiyoyin sanyaya injina don hana tsatsa, sannan su saki ruwan ya gangara kwazazzabon Sandia. A hankali gubar, wadda ke haddasa cutar daji, ta ratsa duwatsu kusan mita 300 har ta isa ruwan ƙarƙashin ƙasa. Sai bayan shekara talatin da ɗoriya aka gano ta. Daga wannan ruwan garin Los Alamos ke sha, kuma cibiyar tana iyaka da ƙasar al'ummar San Ildefonso, 'yan asalin yankin da suka riga bam da masu ƙera shi zama a wurin da ɗaruruwan shekaru. An haƙa rijiyoyi ana zuƙo gurɓataccen ruwan, a tace, a mayar da shi ƙasa. A 2023 hukumar muhalli ta jihar ta sa aka dakatar da mayarwar, don tana tsoron tura gubar ake yi gaba. Kusan shekara ashirin ke nan da gano gubar, har yanzu ana kan matakin wucin gadi. Manomin da ke shayar da masararsa a gindin tsaunin da cibiyar ke kansa bai yi wa kowa laifin da zai gaji wannan ba.

Masu goyon bayan tsarin da ake kai suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Suna cewa Rasha da Sin na sabunta makamansu, doka kuma ta ɗora wa gwamnati ƙera ƙwallon fulutoniyam, wato zuciyar bam, guda 80 a shekara, 30 a Los Alamos, 50 a Savannah River da ke South Carolina. A ganinsu shara za ta iya jira, abokan gaba kuwa ba za su jira ba.

To amma tarihin harkar ya saɓa musu. Ginin da ake son ƙera waɗannan ƙwallaye a cikinsa ya fara aiki tun 1978. Wani ginin binciken sinadarai a cibiyar na 1952 ne. A 2011 wasu ma'aikata suka jera sandunan fulutoniyam takwas dab da juna don ɗaukar hoto, abin da ka'idar aikin ta haramta saboda yana iya tayar da wutar nukiliya nan take. Ƙwararrun da ke sa ido kan wannan haɗari suka yi ta ajiye aiki, a 2013 aka tsayar da yawancin ayyukan ginin, aka ɗauki shekaru kafin a farfaɗo. Sakaci ne ya tsayar da aikin tsaron, ba masu fafutukar muhalli ba. Haka ta faru a masana'antar Rocky Flats da ke Colorado, inda aka daɗe ana fifita ƙira a kan tsabta har jami'an FBI suka kai samame a 1989. Ba a ƙara ƙera ƙwallo a can ba, kwashe sharar kuma ya ci kimanin dala biliyan 7 kafin a kammala a 2005.

Mutanen Arlit a Nijar sun san wannan labari a jikinsu. An rufe mahaƙar yuraniyom ta Cominak a 2021, aka bar tarin dusar ma'adini mai guba da ya kai kusan tan miliyan 20 a gefen gari.

Abin da nake ganin ya dace majalisar Amurka ta yi ba shi da sarƙaƙiya. Duk lokacin da aka ƙara kuɗin ƙera makami, doka ta tilasta wani kaso tsayayye ya tafi ga rufin gini, bututu, na'urorin kashe gobara da rijiyoyin gwajin ruwa, kuma a tsara shi na shekaru da dama don ɗan kwangila ya iya riƙe ƙwararru. A kuma ba jihar wa'adin da za ta iya kai ƙara a kansa, domin yarjejeniyar kwashe shara da jihar ta ƙulla da ma'aikatar makamashi a 2016 ta sassauta wa'adin har sai da jihar ta garzaya kotu a 2021. Akwai tsofaffin ramukan shara marasa shimfiɗa a kan tsaunin, waɗanda ma'aikatar makamashi ta fi son a rufe da ƙasa a bar su nan. Jihar ta nemi a tone ɗaya daga cikinsu, kuma ina tare da ita, tun da a ƙarƙashin ramukan ne ruwan shan yake.