Mahomes da daren New Orleans: Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari

Wanda ya kwanta barci, ya tashi da safe ya duba alƙaluma a waya, zai iya cewa Patrick Mahomes, kwatabak (wato madugu) na ƙungiyar Kansas City Chiefs, bai yi abin kunya ba. Jifa 32 ya yi, 21 suka shiga hannun abokan wasansa, aka ci yadi 257 da su, uku daga ciki suka haifar da maki. Ana cin wasa da irin wannan lissafi kusan kowace Lahadi a gasar ƙwallon Amurka ta NFL. Amma wanda ya hana idonsa barci a daren 9 ga Fabrairun 2025, ya zauna gaban talabijin tun wajen ƙarfe sha biyu da rabi agogon Najeriya da Nijar, ya san takardar alƙaluman nan ta yi wa Mahomes kara sosai.

Philadelphia Eagles ta lallasa Kansas City Chiefs da ci 40 da 22 a Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, karo na 59 a birnin New Orleans, kuma ko wannan sakamakon ma ya rufa wa Chiefs asiri. An tafi hutun rabin lokaci 24 da nema. Kafin Chiefs ta samu maki ko ɗaya an kai 34 da nema, daga baya aka kai 40 da 6. Yawancin yadin da Mahomes ya tara, da makin da ya jawo, sun zo ne bayan mai aukuwa ta auku, lokacin da 'yan Eagles suka fara rungumar juna a bakin fili. Ihu ne bayan hari. Wasan gaskiya a rabin farko aka yi shi, kuma a can jifa 14 Mahomes ya yi, shida kacal suka isa inda ya nufa, yadi 33, biyu kuma suka faɗa hannun abokan hamayya.

Ga wanda bai saba da ƙwallon Amurka ba, ga yadda abin yake a taƙaice. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Mai kai hari yana da dama huɗu ya matsa gaba yadi goma, in ya yi a sabunta masa damar, in ya kasa ƙwallo ta koma ɗaya ɓangaren. Kwatabak shi ne madugu: kusan kowane yunƙuri ta hannunsa ƙwallo ke bi, ko ya jefa wa masu cafewa, ko ya miƙa wa mai rugawa da ita. A gabansa akwai ƙarti biyar da aikinsu kawai su zama katanga, su saya masa daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku ya duba fili ya yi jifa. Shi ya sa yabo nasa ne, zagi ma nasa ne, kamar yadda mu masu kallon ƙwallon ƙafa muke sauke haushi a kan gola alhali 'yan bayansa ne suka watse.

A rabin farkon daren, sau ɗaya tak Chiefs ta cika yadi goman nan, a yunƙurinta na farko. Duka-duka yadi 23 ta ci kafin hutu. Ba ta tsallaka tsakiyar fili ba sai dab da ƙarshen zango na uku cikin huɗun da ake raba wasa.

Masu kare Mahomes suna da hujja mai ƙarfi, kuma daga nan ya kamata a fara. Sau shida aka kayar da shi yana riƙe da ƙwallo, abin da ba a taɓa yi masa a wasa guda ba tun da ya shigo NFL. Yadda aka kayar da shi ɗin ya fi adadin ban tsoro. A al'ada, in ana son takura wa kwatabak, sai a ƙara mutum na biyar ko na shida cikin masu kai masa farmaki, a yi kasadar barin baya da ƙarancin mutane. Mahomes ya gina sunansa ne a kan hukunta masu wannan kasada. Vic Fangio, dattijon da ke tsara tsaron Eagles, wanda ya sha kashi a hannun Mahomes sau takwas a baya ba tare da ya rama ko sau ɗaya ba, ya ƙi faɗawa tarkon. A ƙididdigar NFL, ko sau ɗaya bai ƙara mutum ba. Mutum huɗu ya riƙa turawa, bakwai suka tsaya a baya suka toshe kowace kafa. Huɗun nan kuma suka fi ƙarfin biyar. Josh Sweat ya kayar da shi sau biyu da rabi, domin ɗaya da wani suka raba, Milton Williams sau biyu, har da wanda ya fizge ƙwallo daga hannunsa. In huɗu suka rinjayi biyar, bakwai kuma suna gadin masu cafewa biyar, lissafi ya riga ya ƙare. Babu kwatabak a duniya da zai ji daɗin irin wannan dare.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon Chiefs tun watan Satumba ya tsage, a gefen hagu, wato gefen da kwatabak mai jifa da hannun dama yake ba wa baya. Mutum huɗu aka gwada a gurbin a kaka ɗaya. An fara da sabon shiga Kingsley Suamataia, aka cire shi. Aka sa Wanya Morris, aka cire shi. Aka ɗauko D.J. Humphries wanda ke dawowa daga jinyar gwiwa, ya ji wani ciwon a wasansa na farko. Daga ƙarshe koci Andy Reid ya janyo Joe Thuney, gwanin gwanaye a gurbinsa na ciki, ya kai shi bakin katanga inda ba nan ya fi ƙwarewa ba, ya cike gurbin da ya bari da Mike Caliendo. Gyaran gangar auzinawa ke nan: an toshe rami ɗaya an raunana wuri biyu. Dabarar ta yi aiki a kan Houston da Buffalo. Da ta gamu da matasan ƙartin Philadelphia irin su Jalen Carter da Jordan Davis da Nolan Smith, sai ta ruguje.

To amma daga nan ne nake rabuwa da masu cewa Mahomes ba shi da laifi ko kaɗan.

Mutane na yawan haɗa wannan dare da na 7 ga Fabrairun 2021, lokacin da Tampa Bay ta Tom Brady ta doke Chiefs 31 da 9. Kamar akwai, domin a can ma katangar ce ta faɗi, bayan Eric Fisher da Mitchell Schwartz duka sun ji ciwo. Sai dai a Tampa, Mahomes ya yi ta gudun ceton rai yana jefa ƙwallon da ke dukan hannuwa da hulunan abokan wasansa suna zubarwa. Wanda ya kalli wancan wasa da adalci ya tashi yana jin tausayinsa, har yana ƙara ganin girmansa. A New Orleans labarin ya sha bamban, kuma jifa guda ce ta fi nuna haka.

Ana 10 da nema a zango na biyu. Wannan ba wani rami mai zurfi ba ne ga mutumin da duk kofuna ukun da ya ɗauka, a 2020 da 2023 da 2024, sai da aka ba shi ratar maki goma kafin ya farfaɗo. An kayar da shi sau biyu a jere, ya zama saura yadi 16 a dama ta uku. Abin da hankali zai ba kowane kwatabak a nan shi ne ya jefar da ƙwallo waje ko ya karɓi 'yan yadin da suka samu, a buga ta nesa, a bar masu tsaron Chiefs su ci gaba da aikinsu, domin a lokacin suna riƙe da wasan da kyau. Mahomes ya zame ta dama, ya jefa ta tsakiyar fili inda ya hangi DeAndre Hopkins, bai ga Cooper DeJean na Eagles ba. Yaron, sabon shiga da ke cika shekara 22 a ranar, ya cafe ya ruga yadi 38 har gidan maki. 17 da nema. Ba wanda ya riƙe hannun Mahomes a wannan jifa. Zaɓinsa ne, kuma mummunan zaɓi ne.

Ta biyun tana da uzuri. Saura ƙasa da minti biyu a tafi hutu, Sweat ya turo Thuney har jikin Mahomes daidai lokacin da yake sakin ƙwallo, ta karkace, Zack Baun ya yi tsalle ya cafe dab da gidan Chiefs. Nan da nan A.J. Brown ya mayar da ita maki. Ko a nan ma ana iya tambayar dalilin da ya sa ake irin wannan jifa daga lungun gida da ratar 17 a wuya, amma rabin tambayar ta Reid ce. Abin da ya fi damuna a sauran yunƙurin shi ne ƙafafun Mahomes. Bayan dukan farko da na biyu, ya daina yarda da katangarsa. Akwai lokutan da yake da sarari amma ya fice da wuri, ya faɗa hannun wanda aka riga aka tare. Akwai lokutan da ɗan gajeren jifa ke buɗe, ya ƙi, yana neman wanda zai goge ratar a bugu ɗaya. Maki 14 daga cikin 24 na rabin farko daga jifansa biyu suka fito. Shi da kansa bai yi gardama ba: a gaban 'yan jarida ya ce laifin asarar ƙwallon nasa ne, ya kuma rubuta wa magoya baya cewa ya ba su kunya.

Reid ma yana da nasa kason. Maganin ƙartin da ke ruguwa kan kwatabak sananne ne, a riƙa miƙa ƙwallo ga masu gudu da ita don a sa su taka birki. Isiah Pacheco da Kareem Hunt sau uku-uku aka ba su ƙwallo su ruga a duk wasan. Masu tsaron Chiefs kuwa sun yi abin da aka ce ba zai yiwu ba, sun tsare Saquon Barkley, mai ruga wa Eagles da ƙwallo, wanda ya haura yadi 2,000 a kakar, a kan yadi 57 cikin gudu 25. Eagles ta ci gaba da ba shi ƙwallo duk da ba ya samun hanya, domin hakan na sauƙaƙa wa kwatabak ɗinta Jalen Hurts aiki. Chiefs ta yar da nata gudun tun ba a je ko'ina ba. Ƙara da Hopkins da ya zubar da ƙwallo yana shi kaɗai a fili dab da hutu, da Travis Kelce da bai cafe ko ɗaya ba a rabin farko.

Gaskiyar da magoya bayan Kansas City ba su so ji ba duk tsawon kakar ita ce, alamun sun daɗe a fili. Ƙungiyar ta ci wasa 15 ta faɗi biyu, amma 11 daga cikin nasarorin da ratar da ba ta wuce maki takwas ba ne. Baltimore ta rasa maki a daƙiƙar ƙarshe saboda yatsan ƙafar Isaiah Likely ya taɓa layi. Denver na shirin bugun nasara aka tare ƙwallon. Las Vegas ta yi tuntuɓe da ƙwallonta tana dab da cin wasa. Ba na cikin masu cewa duk sa'a ce, domin iya rufe wasa ma gwaninta ne. Amma Mahomes ya gama kakar da yadi 3,928, karo na farko da ya gaza 4,000 tun da ya zama madugun ƙungiyar a 2018, kuma an kayar da shi sau 36, fiye da kowace kaka a baya. Tun da aka sayar da Tyreek Hill ga Miami a 2022, harin Chiefs ya koma na gajerun jifa da haƙuri. Rashee Rice, wanda ya fara zama abin dogaro, ya ji ciwon gwiwa a mako na huɗu bai sake dawowa ba. Harin da ke tafiya taku-taku ba shi da abin da zai cike ramin maki 24 da shi. Ranar wanka ta zo, cibiya ta fito.

Wanda ke shakkar tasirin katanga ya tuna haɗuwar ƙungiyoyin nan biyu a Super Bowl na Fabrairun 2023. Eagles ta zo da tarihin kayar da kwatabak sau 70 a kaka guda. Mahomes na ɗingishi da ciwon idon sawu. Ko sau ɗaya ba su kai shi ƙasa ba, ya ci su 38 da 35. Mutumin bai manta wasa cikin shekara biyu ba. Haka Hurts, wanda a wancan karon ƙwallo ta suɓuce masa Nick Bolton ya ɗauka ya ci maki da ita, shi ne aka ba kyautar gwarzon wasa a wannan karon, da jifa 22 kacal, yana tsaye bayan katangar da ba ta cika motsi ba.

Masu gaggawar rufe muhawarar Mahomes da Brady kuwa, su sassauta. Brady ya ɗauki kofi bakwai, amma shi ma sau uku ya faɗi a Super Bowl. Abin da za a iya riƙe wa Mahomes shi ne faɗuwarsa biyu duka munana ne, ratar 22 da ratar 18, alhali Brady bai taɓa faɗi da ratar da ta wuce takwas ba. Mahomes na da shekara 29 a daren, ya riga ya je wasan ƙarshe sau biyar cikin kaka bakwai.

Hukuncina shi ne, in aka kasa laifin daren gida uku, kashi mafi girma na katanga ne da waɗanda suka kasa gyara ta tun farkon kaka, na biyu na Mahomes ne saboda rashin haƙurin da ya mayar da 10 da nema ta zama 24, na uku na Reid. Shugabannin Chiefs ma da alama haka suka karanta. Bayan kashin Tampa a 2021 sun rushe katangar sun sake gini, suka kawo Thuney da Orlando Brown da Creed Humphrey da Trey Smith, kofi biyu suka biyo baya. A wannan karon, cikin watan Maris na 2025 suka sayar da Thuney ga Chicago Bears, suka ɗauko Jaylon Moore daga San Francisco, sannan a zaɓen sababbin 'yan wasa na Afrilu suka kashe zaɓinsu na farko a kan Josh Simmons na jami'ar Ohio State, mai tsaron gefen hagu.